Sunan da Muka Lulluɓe Takobi da Shi

A Argungu akwai tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda suka zauna a cikinta har 1942, aka kuma mayar da ita gidan tarihi a 1958 da sunan Kanta, sarkin da ya gina Surame ya fitar da Kabi daga hannun Songai a farkon ƙarni na 16. A ɗakunanta akwai mashi da takobi, da kwari da baka, da tsofaffin bindigogi, da tambura, da layu. In ɗan makaranta daga Jega ko Aliero ko Maiyama ya kai ziyara ya dawo, aka ce me ka gani, zai ce kayan gargajiya. Haka malaminsa ya gaya masa, haka ake faɗa a rediyo, haka kuma ake kiran tsohon mashin da ya yi tsatsa a zauren wani gida a Kashin Zama, da gafakar kaka da ke rataye ba mai buɗewa, da kalmen da aka daina noma da irinsa. Ni ina ganin wannan suna bai dace da su ba, kuma ɓarnarsa ta wuce ta tuntuɓen harshe, domin da shi muke rufe bakin abubuwan da suka san tarihinmu fiye da yadda muka san shi.

Gargajiya a bakin Bahaushe abu ne da aka tashi aka tarar, ba a san ranar da ya fara ba, ba a san wanda ya kawo shi ba. Da boko ya shigo sai kalmar ta ƙara nauyi, ta zama kishiyar zamani, wani lokaci ma kishiyar addini: maganin gargajiya da na asibiti, sarakunan gargajiya da gwamnati, addinin gargajiya da Musulunci. Saboda haka wanda ya ce takobi kayan gargajiya ne ya ce namu ne tun fil azal, ya ce zamaninsa ya wuce, ya kuma ce babu alhakin kowa a kansa, ado ne na ranar hawan salla. Tarihin Gwandu da na Kabi bai yarda da ko ɗaya a ciki ba, kuma shaidar farko tana cikin sunayen da masu kayan suka riƙa kiran su da su tun kafin mu zo mu yi musu kuɗin goro.

Takobi daga bakin Buzaye muka karɓi sunansa, kamar yadda muka karɓi raƙumi da takarda. Ruwan takobin ma sau da yawa ba a nan aka ƙera shi ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Kano a 1851 ya kuma biyo ta Gwandu a 1853, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa Kano a shekara, galibi daga garin Solingen na ƙasarsu. Sai maƙera su sa ƙota, dukawa su ɗinka kube da hamila, fatake su sake fita da su ƙasashe. Kayan doki kusan duka da sunan Larabci suka iso mu: sirdi, linzami, likkafa, lifidi. Tarihin Kano ya riƙe sunan sarkin da ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, wato Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14, wanda ke nuna akwai ranar da waɗannan kaya suke sabon yayi, ana taruwa a kalle su. Bindiga da albarushi da harsashi ta wannan ƙofa suka shigo. Haka allo da alƙalami da tawada da tasbaha. Takardar da malaman ƙasar nan suka rubuta Alƙur'ani a kanta a ƙarni na 19, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta a haske, a Italiya aka yi ta, ta biyo Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. Jega kuwa a wancan ƙarni zango ce babba a hanyar ayarin goro tsakanin Gwanja da Sakkwato da Kano. Bafataken da ya sauke kaya a kasuwarta ya san asalin kowane abu da ke gabansa, domin da asalin ake yanke farashi. Mu ne jikokinsa muka manta.

Hanyar ba shigowa kaɗai take yi ba, tana fita. Garkuwa mafi daraja a ƙasashen bakin Sahara ita ce ta fatar warwaji, wadda Buzaye suka shahara da ita. Irin wannan fata ce ake kaiwa Fas a yi garkuwar da Larabawa ke kira daraƙa, Musulmin Andalus suka yi yaƙi da ita, Kiristocin Sifaniya suka ɗauke ta da sunanta suka ce adarga. Da Sifaniyawa suka ci ƙasar Meziko suka nausa arewa, har ƙarni na 18 sojan bakin iyakarsu yana hawa doki da mashi da adarga, sanye da rigar fata ninki-ninki har bakwai don tare kibiyar mutanen ƙasar. Barden Gobir mai lifidi da zai gan shi da ya gane shi nan take, domin matsalarsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Sifaniya ta kuma taɓa mu ta wata hanya mai zafi. A ƙarshen 1590 Sarkin Maroko Ahmadu Mansur ya turo runduna ta kusan mutum 4,000 a ƙarƙashin Judar Basha, haifaffen Sifaniya, da yawan sojojinsa 'yan Andalus da Turawan da suka musulunta, ɗauke da bindigogi. A Tondibi a 1591 suka karya Askiya Isyaku na biyu duk da yawan dawakinsa, ragowar Songai suka ja da baya zuwa Dandi, maƙwabciyar Kabi, suka yi shekaru suna faɗa daga can a ƙarƙashin Askiya Nuhu. Zuriyar waɗancan sojoji har yau Arma ake ce musu a Tambutu, wato maharba. Ƙarfen da ya rusa daular da Kanta ya yi wa tawaye ba gargajiyar kowa ba ne a lokacin; shi ne zamani da kansa.

Mai hankali zai iya tare ni a nan ya ce asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, abin da ya yi shekara ɗari biyar a hannunmu kuwa namu ne ko daga ina ya fito. Gaskiyarsa. Goro ba ya tsiro a ƙasar Hausa, amma ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ba da shi ba, kuma ba wanda zai ce baƙo ne. Ban kawo waɗannan sunaye don a sallami takobi daga gida ba. Abin da nake cewa shi ne zamansa namu aiki ne da wasu suka yi, kuma kuɗi ne da wasu suka biya. Aikin shi ne na maƙerin da ya san yadda ake wasa baƙon ƙarfe, da badukun da ya rina jar fata ya yi masa kube, da makaɗin da ya yi wa mai shi kirari. Kuɗin kuwa, wani ɓangarensa mutane ne. Dawakin yaƙi da ruwan takobi da albarushi an saye su da bayi, kasuwannin ƙasar nan kuma, har da ta Jega, sun ga an tsayar da ɗan Adam an yi cinikinsa. Wanda ya ce abu tarar da shi aka yi ya share ladan mai aikin, ya kuma share hawayen wanda aka biya da shi ba tare da ya tambaye shi ba.

Gidan tarihi yakan ware makamai a ɗaki ɗaya, kayan sana'a a wani, kayan addini a wani, mu ma haka muka koyi rarraba su a kanmu. A garin da aka yi su ba a san wannan rabo ba. Maƙera ɗaya ce, uwar maƙera ɗaya, masaba da awartaki da zugazugi ɗaya, gawayin ƙirya ɗaya. In damina ta ƙarato maƙeri ya ƙera kalme da galma da sungumi, in kaka ta zo ya ƙera lauje, in rani ya shiga hanya ta bushe aka fara shirin yaƙi ya ƙera tsinin kibiya da mashi da barandami, maharbi ya ɗauka ya shafa dafin kwankwani. Badukun da ya ɗinka kube shi ke ɗinka gafaka, shi ke rufe laya. Malamin da ya rubuta wa yaro karatunsa a allo da safe shi ake zuwa wurinsa da dare neman abin da barde zai ɗaura a damtse. Satiru ta isa shaida. A watan Fabrairu 1906 talakawa da gudaddun bayi na wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato suka fito wa sojan Turawa masu dawaki, mafi yawansu da gatura da fartanyu da kwari da baka, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka tsine wa duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Guguwar ta taɓa har Gwandu, inda aka tuɓe sarkin lokacin. Fartanyar Satiru a wane ɗaki za a ajiye ta? Da ita aka yi noma, da ita aka yi yaƙi, kuma mai ita ya ɗaga ta ne yana ganin ibada yake yi.

Mutanen Jega sun fi kowa cancantar su gane wannan, domin asalin garinsu a kan irin wannan magana ya tsaya. A ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, ya hana kowa wa'azi sai Shehu Usmanu shi kaɗai. Ƙyalle ne kawai, amma sarki ya ga abin da yake nufi, alamar da jama'a ke gane junansu da ita, ya kuma ɗauke shi kamar makami. A daidai wannan zamani Shehu ya fara gaya wa almajiransa cewa tanadin makami sunna ne, shi da kansa kuma ya rubuta cewa a cikin wani gani da ya yi yana ɗan shekara arba'in Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa Takobin Gaskiya. Rawani ya koma kayan yaƙi, takobi ya koma kayan ibada, a cikin shekaru goma. Matsin Gobir ne ya sa Malam Abdussalami, Ba'are kuma ɗaya daga manyan almajiran Shehu, ya ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana, ba nisa da inda Jega take yau. A ƙarshen 1803 rundunar Yunfa, Sarkin Gobir na lokacin, ta faɗa wa Gimbana, ta kama mutane, ta biyo da su ta kusa da Ɗagel, mazaunin Shehu, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan sai hijira zuwa Gudu a Fabrairu 1804, sai Tabkin Kwatto a Yuni, inda masu kwari da baka da dawaki kamar ashirin suka kori barade masu lifidi. Amma labarin bai tsaya inda muke son tsayar da shi ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 Abdussalami ya saɓa da Muhammadu Bello ɗan Shehu, aka ci garinsa Kware, ya rasu da rauni a farkon 1818. Ɗansa Buhari ne daga baya ya kafa Jega a ƙarƙashin Gwandu, shi ya sa ake ce wa mutanenta Gimbanawa. Mashin da aka gada a wani gida na Jega yana iya zama wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Shehu, yana iya zama wanda ya fuskanci rundunar ɗan Shehu, yana iya zama ya yi duka biyun a hannun mutum ɗaya.

Su kansu shugabannin jihadi sun san nauyin abu ba ya rabuwa da abin da aka yi da shi. Da Shehu Laminu na Barno ya rubuto yana tuhumarsu, cikin laifukan da ya lissafa akwai watsar da littattafai a hanya da sunan Allah a cikinsu. Bello bai raina tuhumar ba. Ya kawo wasiƙar a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kuma amsa ta, yana bayyana yadda shi da kansa ya tsaya tsince takardun da iska ta watsa bayan an ci gari. Manyan malamai biyu masu runduna suna jayayya a kan takarda da ta faɗi ƙasa, domin dukansu sun yarda cewa yadda soja ya yi da littafi hujja ce a kan halaccin yaƙinsa.

Akwai malamai da za su ce na haɗa abin da bai kamata a haɗa ba: allo da Alƙur'ani addini ne mai rai, ba su cikin wannan lissafi, laya da guru da kambu kuwa su ne gargajiya, gara ma a bar su da sunan don a nisanta su. Rabin farko na maganarsu shi ne ainihin abin da nake faɗa. Allon da yaro ke wankewa kullum a makarantar Kashin Zama ba tarihi ba ne, kuma duk wanda ya jera shi a bayan gilashi da sunan gargajiya ya yi wa makarantar allo ta'aziyya tana raye. Rabi na biyu ne ban bi su ba. Ko mene ne hukuncin laya a fiƙihu, kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kai, abin da ke cikin mafi yawan layu ayoyi ne da hatimi da hannun malami ya rubuta. Kiran ta gargajiya yana ɗora wa kakannin da ba su yi karatu ba abin da masu karatu suka rubuta, suka kuma karɓi sadakarsa. Tarihin Kano ya ba da labarin Dirki, Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu har aka manta abin da ke ciki, aka koma yanka masa shanu, sai a zamanin Alwali, sarkin ƙarshe kafin jihadi, aka sare shi aka buɗe. Mai son gyara aƙida ya fi kowa bukatar a faɗi gaskiyar yadda aya ke komawa tsafi, kuma ba zai same ta ba in an ce abin daga maguzanci ya faɗo.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Kabawa da Gwandu sun kwashe mafi yawan ƙarni na 19 suna yaƙi, musamman tun da Yakubu Nabame ya tayar da Argungu a 1849, jikokin ɓangarorin biyu kuma yau jiha ɗaya suke tun 1991, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Mene ne amfanin rubuta a jikin takobi wanda aka sara da shi? Ban ɗauki wannan tsoro da wasa ba. Amma akwai abin dubawa a Santa Fe ta Sabuwar Meziko. A cocin Katolika na garin akwai wani sassaƙen itace da suke siffanta Nana Maryama da shi, wanda aka kawo wajen 1625. A 1680 mutanen ƙasar, waɗanda ake kira Fuwebulo, suka yi bore a ƙarƙashin wani mai suna Pope, suka kashe Sifaniyawa wajen 400, cikinsu limaman coci 21, suka ƙone coci-coci, suka farfasa ƙararrawa da gicciye, domin sun ga waɗannan abubuwa tare da bulala da aikin tilas suka zo. Masu gudu suka tafi da sassaƙen, Diego de Vargas ya dawo da shi a 1693 lokacin da ya sake cin ƙasar. Sunan da aka san shi da shi shi ne La Conquistadora, wato mai cin ƙasa. A 1992 babban limamin Katolika na Santa Fe ya ƙara masa sunan Uwar Salama, saboda zafin da tsohon sunan ke yi wa jikokin waɗanda aka ci. Sunayen biyu suna tafiya tare har yau, ana kuma jayayya a kansu. A ganina wannan jayayya alheri ce, domin tsohon sunan ne ya tilasta wa masu ƙarfi su saurari masu rauni. Da tun farko an kira shi kayan gargajiya kawai, da babu abin da za a nemi gafara a kansa. Kabi da Gwandu ma ba mantuwa ce ta kawo musu sauƙi ba. Lafiyar Toga ta 1867 sulhu ne da mutanen da suka san adadin gawarwakinsu suka ƙulla ido biyu.

Sauran maganar ita ce wai zamaninsu ya wuce. Wasu sunayen kam sun bar ƙarfe sun koma baki: ana naɗa mutum Garkuwa ko Barde ko Sarkin Yaƙi bai taɓa riƙe linzami ba, ana ɗaura ɗamarar jarrabawa, jam'iyya na miƙa wa ɗan takara tuta. Wasu kuma suna mutuwa, kamar asigiri da kunkeli da kansakali da bisalami, waɗanda matashi a Aliero zai yi wuya ya bambance su. Amma bindiga ba ta koma salon magana ba. A ƙauyukan Kabi da Zamfara da Sakkwato da 'yan bindiga suka addaba, manomi ya koma wurin maƙeri neman harba-ruga, 'yan banga na fita da layu a ƙirji kamar yadda kakanninsu suka yi, ana kuma kashe su da makaman da aka ƙera a wasu nahiyoyi suka biyo tsohuwar hanyar hamada. Ba za mu fahimci wannan hali ba muddin muna ganin jiya ado ce, yau ce kaɗai bala'i. Aikin da ke gabanmu mai yiwuwa ne. A gindin ruwan takubba da yawa akwai tambarin maƙerinsu, siffar kerkeci mai gudu ko jinjirin wata biyu masu fuska, wanda ke nuna na Jamus ne ko kwaikwayon maƙeranmu. Takardar tsohon Alƙur'ani tana da nata tambarin da ake iya kusantar shekarunta da shi. Aliero tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, inda za a iya gwada ƙarfe a san tama ce ta gida ko baƙo. Tsofaffin maƙera da dukawa da maharba na Jega da Maiyama da Kashin Zama suna nan da ransu, su ne suka san sunan kowane ɓangare na kowane abu, da gidan da ya fito, da yaƙin da aka ce ya halarta, kuma su ya kamata a fara zama da su a rubuta.